Ciyawa a Lambun Gida: Abin da ke Kwance a Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗan lambu a bayan gida ko a harabar makaranta ya san wannan al'amari: a nome fangali tsaf, a share shi har ƙasa ta yi fes, amma kafin kwana goma sai a tarar ya sake yin kore shar, kamar ba a taɓa sa masa fartanya ba. Wannan ne ya sa wasu ke cewa ƙasa ce da kanta take haifar ciyawa idan ta sha ruwa. Zancen ba haka yake ba. Kowace ciyawa ko dai daga iri ta tsiro, ko kuma daga wani yanki na saiwa ko na kara da ya rage da ransa a cikin ƙasa. Abin da ido ke gani a sarari kaɗan ne daga cikin abin da ke ɓoye, kuma mai lambun da bai san abin da ke ɓoyen ba zai yi shekara da shekaru a duƙe ba tare da ciyawar ta ragu ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin nauyin wannan aiki. Kalmar noma kanta, ko da yake ta game dukkan sana'ar gona, a bakin manomi cire ciyawa take nufi. Shi ya sa ake cewa noman fari, sannan a ce maimai, kuma idan aka ce wane bai nome gonarsa ba, kowa ya san ciyawa ce ta cinye ta.

A wurin masana aikin gona, ciyawa ita ce duk wani tsiro da ya fito a inda ba a bukatarsa. Ke nan masarar da ta tsiro a tsakiyar albasa ciyawa ce, alhali tafasa da lalo da gasaya da zaƙi-banza, waɗanda wani ke tugewa ya zubar, wani kuwa tsinkarsu yake yi domin kwaɗo ko miya. Hatta ƙarangiya, wadda babu mai yi mata kallon arziki, an sha sussuka 'ya'yanta an ci a ƙasashen Sahel a shekarun yunwa. Saboda haka ba kowane tsiro ne abin gāba ba, kuma babu laifi mai lambu ya bar wa lalo wani lungu, muddin dai bai bar shi cikin shuka ba.

Abin da Ciyawa ke Ƙwacewa

Abubuwa uku ne shuka da ciyawa ke tsere a kansu: ruwa, da abincin ƙasa, da hasken rana. A wannan tsere kuwa yawancin ciyayin ƙasashe masu zafi suna da wata fifiko da aka halicce su da ita. Tsiro yana haɗa abincinsa ne a cikin ganye, ta hanyar amfani da hasken rana da ruwa da iskar kabon-dayoksaid. A shekarar 1966 wasu masana biyu a ƙasar Ostareliya, M. D. Hatch da C. R. Slack, sun bayyana yadda wasu tsirrai ke da wata hanya ta musamman ta tara wannan iska a cikin ganyensu, wadda ke ba su damar ci gaba da haɗa abinci da tsakar rana, cikin tsananin zafi, kuma da ruwa kaɗan. Ana kiran irin waɗannan tsirrai 'yan rukunin C4. Masara da dawa da gero da rake suna cikin wannan rukuni, haka ma harƙiya da tuji da guɗe-guɗe da kiri-kiri da aya-aya da fasa-ƙaba. Amma tumatir da tattasai da attarugu da albasa da kuɓewa da latas duk 'yan ɗaya rukunin ne, wato C3, wanda aikinsa ke raguwa idan zafi ya tsananta. Ma'anar wannan ita ce, a daidai lokacin da rana ta take, tumatir ya yi laƙwas yana jiran la'asar, harƙiyar da ke gindinsa ba ta daina girma ba.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Ciyawa mafaka ce ga ƙwari, kamar farin ƙuda mai yaɗa cutar nannaɗewar ganye a tumatir, kuma wasu ciyayin suna riƙe tsutsar saiwa a cikin ƙasa daga wannan shuka zuwa ta gaba. Idan ta yi duhu a kusa da ɗaki kuma, sauro da maciji sun sami wurin fakewa.

Sai dai ba kowane lokaci ne ciyawa ke yin ɓarna iri ɗaya ba. Ga yawancin kayan lambu, makonni uku zuwa shida na farko bayan tsirowa ko dashe su ne masu haɗari. A wannan lokaci shuka ba ta kafa saiwa sosai ba, ba ta kuma yi ganyen da zai rufe ƙasa ba, kuma abin da ta rasa a yarintarta ba ta cika mayar da shi ba ko da an nome ta daga baya. Idan aka tsare ta har ta yi inuwa, to ita da kanta za ta danne ciyawar da ta biyo baya. Albasa da karas ne suka fita daban. Ganyen albasa siriri ne, a miƙe yake, ba ya yin inuwa har ranar da za a cire ta, saiwarta kuma gajera ce. Don haka albasa ba ta da ranar da za a ce ta tsira, kuma duk mai noman ta ya san cewa da hannu ake bin ta.

Rumbun Iri a Cikin Ƙasa

Yawancin ciyayin lambu 'yan shekara ɗaya ne: su tsiro, su yi fure, su zubar da iri, su mutu. Dukkan ƙarfinsu yana cikin irin. Tushe ɗaya na fasa-ƙaba ko zaƙi-banza yana iya zubar da dubun-dubatar iri. A ɗauka, alal misali, tushe ɗaya ya zubar da iri 10,000, kuma ɗaya ne kawai cikin kowane ɗari ya tsiro baɗi. Tushe 100 ke nan sun maye gurbin guda ɗaya, saura kuma suna kwance suna jiran nasu lokacin.

Wannan jira shi ne babban abin mamaki. Irin masara ko na wake, idan ya sami laima, kusan dukkansa yake tsirowa a tare, domin manoma sun shafe dubban shekaru suna zaɓen mai wannan hali. Irin ciyawa kuwa barci yake yi. Wani ya farka bana, wani baɗi, wani sai bayan shekaru masu yawa, ta yadda babu fari ko noma guda da zai hallaka su gaba ɗaya.

Shekara nawa iri zai iya yi yana barci? Wani malamin kimiyyar tsirrai mai suna William Beal, na Kwalejin Aikin Gona ta Mishigan a ƙasar Amurka, ya nemi amsar wannan tambaya a shekarar 1879. Ya sami kwalabe 20, ya cika kowace da yashi haɗe da irin tsirrai fiye da kala 20, ƙwaya 50 daga kowane kala, yawancinsu ciyayin gona. Sai ya binne kwalaben a buɗe, bakinsu yana kallon ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki. Da farko akan tono kwalba ɗaya duk bayan shekara 5 a shuka abin da ke cikinta, daga baya aka mayar da shi shekara 10, sannan shekara 20. Beal ya rasu a 1924, amma waɗanda suka gaje shi ba su yar da aikin ba. Irin fasa-ƙaba, da na wani ɗan'uwan zaƙi-banza, sun ci gaba da tsirowa har bayan shekara 40. A shekarar 2021 aka tono kwalba ta 16, kuma irin wani tsiro mai suna Verbascum ya tsiro bayan ya shafe fiye da shekara 140 a binne. Saura kwalabe 4 suna nan a ƙasa. Gaskiya ne a ƙasa mai zafi, inda gara da tururuwa da ruɓewa suka fi yawa, iri ba ya daɗewa kamar haka, amma darasin bai sauya ba: ƙasar lambu rumbu ce, kuma duk ciyawar da aka bari ta zubar da iri ta yi wa mai lambu ajiyar aikin shekaru.

To, me ke tayar da iri daga barci? Laima da ɗumi suna ciki, amma ga ƙananan iri akwai abu na uku, wato haske. A shekarun 1950 masu bincike a Beltsville ta Amurka, waɗanda suka yi gwaji da irin latas, sun gano cewa tsirrai suna da wani sinadari mai jin haske, wanda aka sa wa suna faitokurom. Hikimar abin a fili take. Ƙaramin iri guzurinsa kaɗan ne. Idan ya tsiro a can ƙasa, guzurin zai ƙare kafin ya kai sarari. Saboda haka yakan jira har haske ya taɓa shi, alamar cewa ya zo kusa da sama. Ga wasu irin, walƙiyar haske ta ɗan lokaci ƙanƙane ta wadatar. A nan ne amsar tambayar farko take. Duk lokacin da aka kafta ƙasa da zurfi, ana kashe ciyawar da ke sama, amma kuma ana fito da sabon iri daga rumbu a nuna masa rana. Noman da kansa shi ne ya shuka ciyawar da ta biyo bayansa.

Rumbun kuma yana da ƙofofin da ake ƙara masa kaya daga waje. Babbar ƙofa ita ce ɗanyen taki. Iri da yawa suna ratsa cikin saniya ko akuya su fito da ransu, don haka wanda ya kwaso kashin dabbobi daga turke ya zuba kai-tsaye a fangali ya kawo wa kansa ciyawar dajin da dabbar ta yi kiwo. Ruwan rafi da na kwata suna ɗauko iri. Ƙarangiya da kashin-yawo da tsidau kuwa a jikin tufafi da gashin dabbobi da tafin takalmi suke tafiya. Kashin-yawo ma asalinsa daga nahiyar Amurka yake, ya yi yawon da ya dace da sunansa.

Yadda Ake Rage Rumbun

Idan an fahimci wannan, dabarun da suka dace suna fitowa da kansu. Ta farko ita ce yaudarar iri. A gyara fangali kamar za a yi shuka, a ba shi ruwa, sannan a ƙyale shi kwana 10 zuwa 14. Irin da ke sama zai tsiro. Sai a bi da fartanya a kankare saman ƙasa kawai, kada zurfin ya wuce santimita 2 zuwa 3, sannan a yi shuka ko dashe ba tare da an sake juya ƙasar ba. Mako biyun da ake ganin an yi asara, ana mayar da su a wajen noman fari. Wannan dabara ta fi amfani ga karas da albasa da latas, waɗanda ba su da saurin tasowa.

Haka ma sauran noman da zai biyo baya, mai sauƙi ya fi mai zurfi. Ciyawar da ba ta wuce ganye biyu ko uku ba, saiwarta kamar zare take, da an goge ta da bakin fartanya ta mutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An fi son a yi aikin da hantsi a ranar da ƙasa ta sha iska, domin rana ta ƙarasa abin da fartanya ta fara. Wanda ya yi noma da yamma sannan ya yi ban-ruwa, dashe ya yi wa ciyawa. Fasa-ƙaba da balasa suna bukatar kulawa ta daban, saboda jikinsu cike yake da ruwa. Idan aka tuge su aka bar su a fangali sukan sake kama ƙasa, kuma fasa-ƙaba tana iya ƙarasa nunar da irinta ko da saiwarta tana sama. Kwashe su ake yi a fitar.

Dabara ta gaba ita ce hana iri ganin haske, ta hanyar lulluɓe ƙasar da ke tsakanin shuka da busasshen ganye, ko ɓawon gyaɗa, ko ɓuntun shinkafa, ko yankakken kara. Kaurin lulluɓin ya kai santimita 5 zuwa 10, in ba haka ba haske zai ratsa. Ribarsa biyu ce, don yana kuma rage ƙafewar ruwa, abin da ke da muhimmanci ga mai lambun da ke jan ruwa da guga. Amma akwai sharaɗi. Kada a yi lulluɓi da ciyawar da ta riga ta yi iri, kuma a bar tazara tsakaninsa da gindin shuka, musamman a inda gara ta yi yawa. Shuka mai yaɗo, kamar kabewa da dankalin Hausa da wake, ita ma lulluɓi ce mai rai.

Game da taki kuwa, maganin abin shi ne a ruɓar da shi kafin a kai lambu. Idan aka tara kashin dabbobi da ganye a rami ko a tsibi, aka yayyafa ruwa, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna sa cikinsa ya yi zafi har digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan zafi yana kashe yawancin irin ciyawa. Sai dai gefen tsibin ba ya yin zafi kamar tsakiyarsa, don haka dole a riƙa juya shi.

Akwai kuma hanyar gasa ƙasa da rana, wadda Jaacov Katan da abokan aikinsa suka bayyana a ƙasar Isra'ila a 1976. Ana jiƙa fangali sosai, a shimfiɗa masa farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, a binne bakinta ta kowane gefe, a bar ta mako 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa a saman ƙasar yana kashe iri da wasu cututtuka. A ƙasar Hausa lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, shi ne ya dace da wannan aiki. Ga babbar gona kuɗin leda ya yi yawa, amma ga wurin rainon tumatir ko albasa abu ne mai yiwuwa.

Sama da duk waɗannan akwai doka guda: kada a bar ciyawa ta yi iri, ko a cikin fangali, ko a bakin shinge, ko bayan an gama cire amfani. A nan ne masu lambu da yawa ke yin sakaci. Da zarar an tsinke tumatir na ƙarshe sai a juya wa wurin baya, ciyawa kuwa ta samu watanni tana cika rumbu.

Masu Rai a Ƙarƙashin Ƙasa

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi ciyayi masu dogaro da iri. Akwai wasu da ba su damu da iri sosai ba, kuma su ne suka fi wahalar da mai lambu. Shugabarsu ita ce aya-aya, wadda wasu ke kira jiji, a kimiyyance kuma Cyperus rotundus, 'yar'uwar ayar da ake ci. A shekarar 1977 LeRoy Holm da abokan aikinsa sun tattara bayanai daga sassan duniya game da ciyayi mafi muni, sai aya-aya ta zo ta ɗaya, domin an same ta tana ɓarna a ƙasashe fiye da 90. Kiri-kiri ce ta zo ta biyu.

Aya-aya tana yin 'ya'ya a cikin ƙasa, masu kama da aya amma baƙaƙe masu ɗaci, kuma wani siririn kara kamar waya ya haɗa su jere-jere kamar carbi. Kowace ƙwaya tana da idanu da za su iya tsirowa. Muddin carbin yana haɗe, ƙwayar da ta riga ta tsiro tana danne sauran, ta hana su farkawa. Da zarar fartanya ta tsinka shi, kowace ƙwaya ta zama mai cin gashin kanta, sai ta tsiro. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya sassare aya-aya sau ɗaya ya tafi yakan dawo ya tarar ta ninka. Bakin tsironta kuma yana da kaifin da yake huda leda, balle lulluɓin ganye.

Amma tana da rauni biyu. Na farko, ƙwayarta ba ta jure bushewa. Idan aka kafta wurin da rani, aka fito da 'ya'yan sarari, aka bar su a rana ba tare da ban-ruwa ba, aka kuma sake juya ƙasar bayan mako ɗaya ko biyu, da yawa za su mutu. Waɗanda ido ya gani kuwa a tsince su. A nan kaftu mai zurfi yana da amfani, saɓanin abin da aka faɗa game da masu iri, kuma wannan ya nuna muhimmancin mutum ya san ciyawar da yake faɗa da ita kafin ya ɗaga fartanya. Rauni na biyu shi ne ba ta son inuwa. Fangalin da aya-aya ta mamaye bai dace da albasa ko karas ba. A ba shi dankali ko wake ko kabewa na tsawon shuka ɗaya ko biyu. Ban da haka, duk lokacin da ta fito da sabon ganye tana cin guzurin da ke cikin ƙwaya ne, don haka wanda ya dage yana cire ta tun tana ƙarama, kafin ganyen ya fara mayar da abin da aka ci, zai gajiyar da ita. Aikin watanni ne, ba na kwana ɗaya ba.

Kiri-kiri da tofa su ma da kara mai tafiya a cikin ƙasa suke yaɗuwa, kuma kowace gaɓa da aka bari tana iya zama sabon tushe. Tono su ake yi a zazzage ƙasar, a shanya su har su bushe ƙayau. Sa wa tofa wuta ba ya kashe ta. Ganyen kawai yake ci, ita kuwa ta sake tohowa ta yi fure.

Ƙuduji

Wanda ke shuka 'yar masara ko dawa ko wake a bayan gida yana iya haɗuwa da wata ciyawa da ba tsere take yi da shuka ba, shan jininta take yi. Ita ce ƙuduji, ko wuta-wuta, wadda masana ke kira Striga. Irinta kamar ƙura yake, tushe ɗaya yana zubar da dubun-dubata, kuma yana iya wuce shekara 10 a cikin ƙasa. Ba haske yake jira ba. Wani sinadari yake jira, wanda saiwar shuka ke fitarwa. An fara ware irin wannan sinadari daga saiwar auduga a 1966. A 2005 masu bincike a Japan suka gano dalilin da ya sa shuka ke fitar da shi: kira ne take yi ga wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa, dangin naman kaza, masu taimaka mata wajen samun abinci. Ƙuduji saurare yake yi ya amsa kiran da ba shi aka yi wa ba. Tun da shuka ta fi yin wannan kira idan ƙasa ta gaji, an fahimci abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa wuta-wuta ciyawar matacciyar ƙasa ce.

Da ya tsiro sai ya liƙe wa saiwar, ya yi makonni yana tsotsa a ɓoye. Kafin a ga furensa mai launin shunayya, rabin ɓarnar ta riga ta auku. Duk da haka tuge shi kafin ya yi iri, a kuma ƙone shi, yana kare shekaru masu zuwa. Taki yana rage shi. Auduga da gyaɗa da waken soya suna sa irin ƙudujin hatsi ya tsiro amma ba ya iya kama su, sai ya mutu, don haka sauya shuka da su yana rage rumbun. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, tare da cibiyar IITA mai hedikwata a Ibadan, sun fitar da irin masara da na wake masu jure shi.

Batun Maganin Feshi

Maganin kashe ciyawa ya yaɗu ƙwarai, har ya zama wasu ba sa tunanin wata hanya. Ga ƙaramin lambun gida, inda shuka kala-kala ke cunkushe, yara da kaji suna shiga, rijiya kuma tana kusa, haɗarinsa ya fi amfaninsa yawa. Maganin 2,4-D, wanda ya fito a shekarun 1940, yana kashe masu faɗin ganye ya bar dangin hatsi. To amma tumatir da kuɓewa da tattasai duk masu faɗin ganye ne, kuma ɗan abin da iska ta kwaso, ko wanda ya rage a cikin injin feshi, ya isa ya murɗe ganyen tumatir. Farakwat yana ƙone duk koren da ya taɓa amma ba ya sauka cikin saiwa, don haka aya-aya tana dawowa bayansa. Ga ɗan Adam kuwa guba ne mai tsanani wanda ba shi da makari, kurɓi kaɗan yana kisa, kuma an hana amfani da shi a Tarayyar Turai tun 2007. Gilaifoset, wanda ya shiga kasuwa a 1974, yana bin jikin tsiro har ƙasa, shi ya sa yake tasiri a kan tofa da kiri-kiri, amma ba ya bambanta ciyawa da shuka, kuma ba ya taɓa irin da ke barci. Ciyawa ma tana sabawa da shi: a ƙarshen shekarun 1990 an sami tujin da ba ya jin wannan magani a ƙasar Maleshiya, bayan an yi ta fesa shi a wuri ɗaya.

Idan ya zama dole, wurin amfani da shi shi ne filin da ba a riga an shuka ba, a ranar da babu iska, da maganin da ke ɗauke da lambar rajistar hukuma, bisa ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, kuma mai feshin ya rufe jikinsa da hancinsa. Ba a juye magani a kwalbar lemo, ba a kuma mayar da galan ɗinsa mazubin ruwa ko mai.

Gwaji Domin Ɗalibai

Malami yana iya nuna wa ɗalibansa wannan rumbu da idonsu. A ɗebo ƙasa daga lambun makaranta a zurfi uku: daga sama zuwa santimita 5, daga 5 zuwa 10, da kuma daga 10 zuwa 20. A shimfiɗa kowace a faranti dabam mai huji a ƙasa, kaurinta kada ya wuce santimita 2. A ƙara faranti na huɗu da ƙasar saman da aka gauraya da ɗanyen taki, da na biyar da yashin da aka soya a wuta, wanda zai nuna ko iska tana kawo iri daga waje. A ajiye su a wuri mai haske, a riƙa yayyafa musu ruwa kullum. Kowane mako a ƙirga abin da ya tsiro, a rubuta, a cire shi. Idan tsiro ya tsaya, bayan kamar mako huɗu, sai a motsa ƙasar kowane faranti da tsinke, a ci gaba da ba ta ruwa, a sake ƙirga na wasu mako huɗu.